Me Ya Sa Blu-ray Ya Kayar da HD DVD?

Tambaya: Na sayi wasu faya-fayan fina-finai cikin kayan gwanjo, gidajensu jajaye, an rubuta HD DVD a samansu. Na sa ɗaya a PlayStation 3 ta ƙi karantawa, na sa a na'urar DVD ita ma ta turo shi waje. Wani ya ce mini wai wani nau'in faifai ne da Blu-ray ya kashe. Shin Blu-ray ya fi shi kyan hoto ne shi ya sa ya yi nasara?

Amsa: Malam, na'urorinka lafiyarsu ƙalau, kada ka kai su wajen mai gyara. Wanda ya ba ka labari ya faɗi gaskiya. Abin da ke hannunka ragowar wani yaƙin kasuwa ne da aka gwabza daga 2006 zuwa farkon 2008 tsakanin kamfanonin Japan biyu, Sony mai Blu-ray da Toshiba mai HD DVD. Amma batun kyan hoto, a'a, ba a nan aka rabu ba. Na daɗe ina buɗe cikin irin waɗannan na'urori a kan teburin aiki, kuma na taɓa jona su biyun a talabijin ɗaya. In aka ɓoye maka gidan faifan, ba ka ga ja ne ko shuɗi ba, da ƙyar za ka iya rantsuwa kan wanne kake kallo.

Dalili kuwa shi ne tushensu ɗaya. Kowane faifai, daga CD har zuwa waɗannan, wasu ramuka ne 'yan mitsi-mitsi a jere, hasken lesa yana bi yana karantawa. DVD yana amfani da jan haske mai tsawon zango nanomita 650. Su waɗannan biyun duk sun koma haske mai shuɗi-shuɗi na nanomita 405, wanda ya fi siranta, don haka ake iya matse ramuka da yawa a fili ɗaya. Hanyoyin matse hoton ma iri uku ne a wajen kowannensu: MPEG-2 da VC-1 da H.264. Kamfanin Warner, da yake yana fitar da fim a nau'o'in biyu, sau da yawa aikin matsewa ɗaya yake yi ya zuba a nan ya zuba a can.

Inda suka sha bamban shi ne zurfin da aka binne bayanan. Ka ɗauki faifan DVD ka dubi gefensa da kyau: falle biyu ne aka manna, kowanne kaurin milimita 0.6, bayanan suna tsakiya. Toshiba ya bar wannan tsari yadda yake, ya canza haske kawai. Amfanin haka a fili yake: masana'antar da ke buga DVD za ta iya buga HD DVD da ɗan gyara kaɗan, ba sai an rushe an sake gini ba. Shi kuma Sony da abokansa suka jawo bayanan kusa da fuskar faifan, ba abin da ya rufe su sai wata 'yar fata mai kaurin milimita 0.1, suka kuma sa wa na'urar ido mai ƙarfin tattara haske fiye da na Toshiba. Sakamako: Blu-ray yana ɗaukar gigabayit 25 a shimfiɗa ɗaya, 50 a biyu, HD DVD kuwa 15 da 30. Amma wannan yalwa ba a banza ta zo ba. Sai an kafa sababbin injinan bugawa masu tsada, kuma fatar nan siririya ba ta jure karcewa. Na'urar Blu-ray ta farko da Sony ya fitar a Japan a 2003, faifanta cikin wani kwanso yake a rufe, kamar tsohon kaset, sai daga baya da kamfanin TDK da wasu suka samar da wani shafi mai tauri aka iya fitar da shi tsirara. Wannan rashin jituwa na ginin faifan shi ya sa idon PlayStation ɗinka ba zai taɓa gane jan faifan nan ba.

Kai, a watannin farko ma HD DVD ne ke gaba a kyau. Toshiba ya riga shiga kasuwar na'urorin kallon fim: ƙarshen Maris 2006 a Japan, Afrilu a Amurka, da na'urar HD-A1 a kan dala 499. Na'urar Blu-ray ta farko a Amurka, ta Samsung, sai a Yuni ta fito, a kan dala 999, ninki biyu ke nan. Fina-finan Blu-ray na farko an matse su da tsohuwar hanyar MPEG-2 a faifai mai shimfiɗa ɗaya, masu sharhi suka yi ta kushe su. HD DVD tun ranar farko ya wajabta wa kowace na'ura kafar jona intanet da ikon nuna ƙaramin hoto cikin babba, abin da Blu-ray bai kammala tsarawa ba sai bayan fiye da shekara. Kuma ba a raba masa duniya shiyya-shiyya ba, wato yadda faifan wata shiyya ke ƙin yi a na'urar wata, alhali Blu-ray an kasa shi A da B da C, mu nan Afirka muna B tare da Turai. Ga araha, ga riga zuwa, ga kammaluwa. Duk da haka ya faɗi.

Kafin in faɗi abin da ya kayar da shi, ya kamata ka san me ya hana su sulhu tun farko, don an gwada. A 1995 an kusa yin irin wannan rikici kan DVD. Sony da Philips suna da nasu tsari, Toshiba da Time Warner da wasu suna da nasu. Kamfanonin kwamfuta irin su IBM suka ce ba za su karɓi nau'i biyu ba, dole aka haɗe. Haɗewar ta fi karkata ga tsarin Toshiba, kuma a wannan sana'a duk wanda fasaharsa ta fi yawa cikin tsari shi ke kwasar kuɗin lasisi a kan kowace na'ura da kowane faifai da aka buga a duniya, shekara da shekaru. Sony bai manta ba. Bai kuma manta da Betamax ba, kaset ɗinsa na 1975 da VHS na kamfanin JVC ya binne. Saboda haka da aka zauna teburin sulhu a 2005, kowa ya kafe a kan kaurin fatarsa, wannan 0.1, wancan 0.6, aka watse. Microsoft da Intel suka bi bayan Toshiba a watan Satumba na shekarar. Shi Microsoft yana da tasa manufa: manhajar da ke tafiyar da jerin zaɓuɓɓukan HD DVD da hannunsa a ciki, Blu-ray kuwa ya ɗauki Java.

To, abu na farko da ya yanke hukunci, kuma a ganina ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba, shi ne wannan PlayStation 3 da ke ɗakinka.

Sony ya yanke shawarar cewa kowace PS3 za ta zo da Blu-ray a cikinta, ko kana so ko ba ka so. Ta fito a Nuwamba 2006, a kan dala 499 da 599. Kamfanin iSuppli, mai kwance na'urori ya lissafa kuɗin kayan cikinsu, ya ƙiyasta cewa haɗa kowace ɗaya yana cin sama da dala 800. Wato duk wanda ya sayi PS3, Sony ya cika masa ɗaruruwan daloli daga aljihunsa. Ƙarancin fitilar lesar nan shuɗiya ma ya sa aka ɗage fitowarta a Turai har zuwa Maris 2007. Amma duba abin da wannan hasara ta sayo. Yaron da ya sayi na'ura don buga gem, bai da masaniya kan wani yaƙin faifai, ya wayi gari da na'urar Blu-ray a falo. Ranar da ya shiga kanti ya ga jan gida da shuɗin gida, ba shi da wani zaɓi da zai yi, an riga an zaɓar masa. Ita PS3 kuma ana sabunta manhajarta ta intanet, don haka duk wani sabon abu da aka ƙara wa Blu-ray tana samu, yayin da na'urorin dala dubu na farko suka tsaya inda suke. A wancan lokacin, in wani ya tambaye ni na'urar Blu-ray mafi inganci da araha, PS3 nake nuna masa ko da bai taɓa riƙe abin buga gem ba.

Microsoft yana da Xbox 360, wadda ta riga PS3 fitowa da shekara guda. Da ya dasa HD DVD a cikinta, da labarin ya iya canzawa. Bai yi ba. DVD ya sa mata, sannan a ƙarshen 2006 ya fito da wani akwatin HD DVD na daban da ake jonawa da waya, a kan dala 199, wanda fim kawai yake yi, ba gem. Wanda zai sayi wannan sai wanda ya riga ya ƙudurta. Zuwa Fabrairun 2008 an sayar da PS3 fiye da miliyan 10 a duniya. Na'urorin HD DVD kuwa, har da akwatin Xbox ɗin, wajen miliyan ɗaya ne.

Mutanen Toshiba suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce wanda ya sayi na'urarsu don fim ya saya, yana sayen faya-fayai da yawa, shi kuwa mai PS3 ƙila ɗaya ko biyu zai saya ya koma gem ɗinsa. Haka ne. Amma mutum goma masu sayen ɗaiɗai sun fi mutum ɗaya mai sayen biyar. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Alƙaluman kamfanin ƙididdigar ciniki na Nielsen na shekarar 2007 a Amurka sun yi ta nuna faifan Blu-ray biyu a kan kowane HD DVD ɗaya, mako bayan mako.

Abu na biyu shi ne fina-finan kansu. Ba wanda ke sayen na'ura don ya zauna yana kallon fitilarta. Darasin da Sony ya koya daga Betamax shi ne mai na'ura yana buƙatar abin da za a kalla a ciki, shi ya sa a 1989 ya sayi Columbia Pictures ɗungurungum, a 2005 kuma ya jagoranci ƙungiyar da ta sayi MGM. Don haka tun kafin a fara, wani babban yanki na Holiwud ba zai taɓa fita a HD DVD ba. Disney da Fox da Lionsgate suka tsaya wajen Blu-ray kaɗai. Universal ne kawai cikin manya ya tsaya wa HD DVD shi kaɗai. Warner da Paramount suna ba kowa.

Abin da ya ja Fox musamman shi ne tsoron satar fasaha. Nau'o'in biyu suna da kulle iri ɗaya mai suna AACS, amma Blu-ray ya ƙara wani na biyu, BD+, wanda ake iya canza masa salo daga fim zuwa fim. A Disamba 2006 wani mai kutse ya nuna yadda ake kwafe HD DVD, a farkon 2007 kuma wani babban mabuɗin AACS ya fita, ya bazu a intanet ta yadda ba mai iya tsare shi. Gaskiya mabuɗin ya shafi nau'o'in biyu, kuma shi BD+ ɗin ma an fasa shi daga baya. Amma a lokacin da shugabannin kamfanoni ke yanke shawara, ɗaya yana da ƙofa biyu, ɗaya yana da ƙofa ɗaya da aka riga aka ɓalle. Rashin shiyya da ya faranta wa masu saye rai, su masu fim bai yi musu daɗi ba, don sun saba sakin fim a Amurka kafin ya isa sinimomin wasu ƙasashe.

Abu na uku ba a cika ambatonsa ba, ni kuwa ina ganin a nan Toshiba ya yi wa kansa illa. Blu-ray tun sanarwar farko a 2002 taron dangi ne: Sony, Panasonic, Philips, Pioneer, Sharp, Hitachi, Samsung, LG, Thomson. Toshiba kuwa kusan shi kaɗai ke ƙera na'urar kallon HD DVD, sauran 'yan sunayen da aka gani yawanci na'urarsa ce aka canza wa riga. Makaminsa araha. Na taɓa buɗe HD-A1: kwamfuta ce sukutum a cikin akwati, da Pentium 4 na Intel da fanka da komai, shi ya sa in ka kunna ta sai ka jira wajen minti guda kafin ta buɗe baki. Kayan cikinta sun fi kuɗin da ake sayar da ita. To, ka sa kanka a matsayin wani kamfani da ke tunanin shiga: mai fasahar da kansa yana sayarwa ƙasa da uwar kuɗi, kai ina za ka ga riba? Kowa ya ja da baya. Masu kantuna ma sun fi son kayan da ke barin wani abu a aljihu, ga shi kuma kantar Blu-ray cike da sunaye daban-daban, ta HD DVD suna ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ka ɗauka an yi wa Toshiba cin kaca ne ba tare da ya motsa ba. Shekarar 2007 an sha gumurzu. A Yuni, Blockbuster, babban kamfanin hayar fina-finai na Amurka a lokacin, ya gwada nau'o'in biyu a shaguna 250, ya ga sama da kashi 70 cikin 100 na masu haya Blu-ray suke ɗauka, sai ya ce sauran shagunansa 1,450 Blu-ray kawai za su ajiye. A Agusta sai ga Paramount da DreamWorks Animation sun juya baya, sun koma HD DVD kaɗai. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa an yi musu alkawarin abin da ya kai dala miliyan 150, kuɗi da tallafin talla. A farkon Nuwamba, babban kantin Amurka Walmart ya yi gwanjon na'urar Toshiba a kan dala 99, aka yi wawaso. Har shugaban Sony na lokacin, Howard Stringer, ya fito a watan ya ce al'amarin ya zama canjaras. LG da Samsung suka fito da na'urori masu cin nau'o'in biyu, amma tsadarsu ta hana su tasiri.

Yawancin jama'a kuwa sun naɗe hannu suna kallo. Wanda ya taɓa jin labarin Betamax ba zai zuba kuɗinsa a abin da gobe zai iya zama tarkace ba. Wannan jiran shi ya tayar wa Warner hankali. Shi ne mafi girman kaso a kasuwar fina-finan gida ta Amurka, wajen kashi ɗaya cikin biyar, kuma yana ganin cinikin DVD, saniyar tatsarsa, ya daina hawa ya fara gangara. Mutane sun rage sayen tsohon, sun ƙi sayen sabon. Ga Netflix ya fara tura fim ta intanet tun Janairun 2007. Warner ya ga in aka ƙara shekara ana wannan ja-in-ja, za a rasa kasuwar gaba ɗaya. Ya dubi cinikin lokacin Kirsimeti na 2007, ya ga duk da gwanjon dala 99 faifan shuɗi ne ke gaba, ga PS3 an sauko da ita dala 399.

Ranar 4 ga Janairu, 2008, ana saura kwana kaɗan a buɗe babban baje kolin kayan lantarki na CES a Las Vegas, Warner ya sanar cewa bayan watan Mayu ba zai ƙara fitar da HD DVD ba. Ka tuna wannan shi ne abokin da suka kafa DVD tare da Toshiba a 1995. Ƙungiyar HD DVD ta soke taron manema labarai da ta shirya yi a wajen baje kolin. An yi ta raɗe-raɗin cewa kuɗi sun yi aiki, amma ko ba a kawo wannan ba lissafin ya isa: da tafiyar Warner, wajen kashi 70 cikin 100 na fina-finan Holiwud sun koma gefe ɗaya.

Daga nan abin ya zo da sauri. Toshiba ya zabge farashi kusan rabi, ya sayi talla mai tsada a wasan Super Bowl, duk a banza. Ranar 11 ga Fabrairu Netflix, da ke hayar faya-fayai a lokacin, ya ce zai daina sayen HD DVD, kantin kayan lantarki na Best Buy ya ce Blu-ray zai riƙa nuna wa masu saye. Ranar 15 Walmart ya bi sahu. Ranar 19 ga Fabrairu shugaban Toshiba, Atsutoshi Nishida, ya tsaya gaban 'yan jarida a Tokyo ya ce sun daina. Mako shida da 'yan kwanaki ke nan daga sanarwar Warner. Universal da Paramount suka sauya sheƙa cikin kwanaki, Microsoft ya daina ƙera akwatinsa. Hasarar Toshiba ta kusa dala biliyan ɗaya, kuma a ƙarshen 2009 shi ma ya fito da tasa na'urar Blu-ray.

Shi ma Sony, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sashen gem ɗinsa ya yi hasarar sama da yen biliyan 200 a shekarar kuɗi da ta ƙare Maris 2007, tsadar PS3 ta ba Wii na Nintendo da Xbox damar wuce ta a shekarun farko, Ken Kutaragi da ya ƙirƙiro PlayStation ya sauka daga kujerarsa a 2007. Kuma Blu-ray bai taɓa kai inda DVD ya kai ba, don kafin ya zauna da gindinsa intanet ta fara cinye kasuwar. Mu nan ma shaida ne ta wata fuska. Fina-finan Hausa sun tashi daga kaset zuwa faifan CD na bidiyo, suka ɗan taɓa DVD, daga nan sai waya da masu tura fim a shago da YouTube. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai ba su taɓa tsayawa zaɓe tsakanin ja da shuɗi ba. Yawancin Blu-ray da ya shigo gidajenmu ta cikin PlayStation ya shigo, kamar dai taka.

Game da faya-fayan da ke hannunka: ba abin da zai karanta su sai na'urar HD DVD ta Toshiba, ko akwatin nan na Xbox 360, ko ɗaya daga cikin na'urorin LG da Samsung masu cin biyu, ko wasu tsofaffin kwamfutoci na wancan zamani masu idon HD DVD. Kafin ka wahalar da kanka nema, ka sani cewa masu tara irin waɗannan faya-fayai sun daɗe suna kukan yawancin na Warner sun lalace daga ciki, ko da fuskarsu tana sheƙi ba karce ko ɗaya. Sannan ka fitar da kowanne ka juya shi. In ka ga wanda ba shi da hoto a bayansa, fuskokinsa biyu duk suna ƙyalli, sai ɗan rubutu siriri a zagayen ramin tsakiya, to irin mai fuska biyu ne: ɗaya HD DVD, ɗaya DVD na yau da kullum. Ka kifa shi ta ɗaya fuskar ka sa a na'urarka, zai yi.